Yadda Ake Sayen Bakin Tsaka a Potiskum

A garin da ake lodin shanu tirela-tirela zuwa Kudu duk ranar Laraba, inda ake auna arzikin mutum da garkensa ko da yawan motocinsa a kan titi, kai kuma Allah Ya ɗora maka son kiwon tsaka. Ba ma irin wadda ke bin bangon ɗaki ba, wata ce 'yar gayu mai zanen damisa, rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, wadda kakanninta suka fito daga busassun duwatsun Afganistan da Fakistan da arewa maso yammacin Indiya. Ka biya kuɗi, an kawo ta, ta shige ƙarƙashin kasko ta ƙi leƙowa. To, kwantar da hankalinka. Amarya ce, kuma amarya ba ta yi wa dangin miji magana sai an sayi baki.

Kafin komai, ka yarda cewa kunyar nan tata tana da hujja. An kawo ta gidan da kowane yaro ya tashi da sanin cewa in an ga tsaka silifa ake rarumowa. Inna ta riga ta yanke hukunci cewa in ta faɗa a miya an gama da mutanen gida. Za ka iya yi mata bayani cewa wannan ba ta da dafi, kuma ko bango ba ta iya hawa, domin farata ne a yatsunta, ba ta da abin mannewa irin na tsakar gida. Za ka iya nuna mata cewa tana da fatar ido, tana ƙiftawa, tana rufe ido in za ta yi barci. Inna za ta saurare ka har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah Ya shirye ka, ɗan nan," ta ƙara danne murfin tukunya. Kada ka ja da ita. Batun hukuncinta a addini kuwa, ka kai wa malamin unguwa, ba hurumina ba ne.

Mako 2 na farko, babu ɗauka, babu taɓawa, babu gayyato abokan majalisa su zo ganin amarya. Ka ajiye akwatin gilashin a lungun da ba a yawan giftawa, nesa da rediyo, nesa da mage, ka rufe gefe 3 da kwali. A ciki ka tanadar mata maɓoya 3: ɗaya a ɓangaren ɗumi, ɗaya a ɓangaren sanyi, ɗaya kuma da ɗanyen tsumma a ciki domin lokacin saɓa. Fasasshen kasko da aka kifa ya wadatar, ba sai ka yi odar komai daga Legas ba. Abin mamakin shi ne, iya yawan wurin ɓuyan da ka ba ta, iya saurin fitowarta. Wadda ta san tana da inda za ta ruga ita ce ke da ƙarfin halin leƙowa. Ƙasan akwatin kuma a shimfiɗa takarda, kada ka ce ai 'yar hamada ce ka ɗebo mata yashi a bakin titi. Takan haɗiye shi tare da abinci ya toshe mata ciki.

Masu kiwonta a Turai da Amurka fama suke da sayen na'urar ɗumama akwati, don a samu maki 31 ko 32 a gefe ɗaya, 25 ko kusa da haka a ɗaya gefen. Kai naka faman daban ne. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, Potiskum kan wuce maki 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba, kuma wannan zafin yana iya kashe ta. Sai ka sauke akwatin ƙasa, kusa da randa, inda kai ma kake shimfiɗa tabarma in rana ta take. Kada ka kuskura ka kai gilashi rana da sunan shan iska. Da hunturu kuma, in dare ya yi sanyi wuta ta ɗauke, ka cika gora da ruwan ɗumi, ka naɗe da tsumma, ka jingina a gefe ɗaya daga waje. Kaskon garwashi a bar wa tsofaffi.

Yanzu ga sayen bakin. Ba ta cin tuwo, ba ta cin ganye, kuma soyayyar fara da yaji da kake ji da ita ba ta gabanta. Ƙwaro take so mai rai, mai motsi: gyare, ƙananan fara, tsutsa, kada girmansa ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. A riƙa barbaɗa masa garin kalsiyam, don in babu shi ƙashinta kan yi laushi. Ƙwaron da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, ko a ɗakin da aka zuba fiya-fiya, guba ce ka kai mata da hannunka. Lokacin kai tayi bayan magariba ne, don da rana barci take yi. In ta yi kwanaki ba ta ci ba, kada ka tayar da hankalin unguwa. Dubi wutsiyar nan mai kauri: rumbunta ne, kitse ne maƙare a ciki. Ruwa dai kada ya yanke, a ɗan faffaɗan murfi marar zurfi.

Ranar da ta fara cin gyare a gabanka ba tare da ta ruga ba, an karɓi tayi. Daga nan sai ka riƙa shimfiɗa tafin hannunka a ƙasan akwatin na 'yan mintoci, ka yi shiru. Kada ka kawo hannu ta sama, domin a garinsu abin da ke zuwa ta sama shaho ne. Za ta matso a hankali, ta lashi yatsanka don ta ji ko kai wane ne, ta juya abinta. Gobe ta sake. Wata rana sai ka ji 'yan faratanta a tafinka. In kuwa ka ga ta ɗaga wutsiya tana kaɗa ta sannu-sannu, ba rawa take maka ba, cewa take ka janye. Wanda ya yi gardama ya cafki wutsiyar, a hannu za ta bar masa ita tana wutsil-wutsil. Wata za ta tsiro, amma guntuwa, dunƙulalliya, kuma duk wanda ya gani ya san abin da ka aikata.

In ka tashi da safe ka ga ta yi furu-furu kamar an watsa mata toka, saɓa za ta yi, kuma cinye tsohuwar fatar take yi, ba ta bar maka shara. Bayan gida ma lungu ɗaya take zaɓa ta tsaya a kai, tarbiyyar da ba duk ɗan gida ke da ita ba. Duk da haka ka wanke hannu da sabulu bayan kowace gaisuwa, don dangin ƙadangare kan ɗauki ƙwayoyin cutar da ke ɓata ciki.

Kuma ka sani tana iya kai shekara 15 zuwa 20 in ta samu kulawa, wato yaron da ke rarrafe yau zai iya gama sakandare tana nan. In tafiya ta kama ka zuwa Damaturu ko Kano na kwana 2 ko 3, babba ba za ta mutu da yunwa ba. Ka cika mata ruwa, ka sa wa murfin akwatin kwaɗo, ka tafi da makullin a aljihunka, don ba ka san ranar da Inna za ta shiga sharar ɗakin ba.