Jinsunan Masu Neman Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

Duk wanda ya san ƙasar Kankiya da maƙwabciyarta Kusada ya san hanyoyinsu iri biyu ne: akwai babban titin da ya taso daga Kano, ya biyo ta Bichi da Tsanyawa, ya ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, ya wuce Charanchi ya nufi birnin Katsina, tare da rassansa na kwalta masu zuwa Dutsin-Ma da Malumfashi, akwai kuma hanyoyin ƙauye, waɗanda da rani yashi ke haɗiye taya a cikinsu, da damina kuwa, musamman idan Agusta ta tsaya, taɓo da rafi ke zartar da hukunci a kansu. To, saboda waɗannan na biyun ne, a zahirin magana, mutanenmu ke cewa suna neman mota mai jan ƙafa huɗu. Amma da yake zahiri daban, baɗini daban, na ga ya kyautu in bayyana wa mai karatu jinsunan masu wannan nema kamar yadda ake ganinsu a bakin tasha da majalisun bayan la'asar, domin ya san wanda zai nemi shawararsa, da wanda zai gaisar kurum ya wuce.

Kafin nan sai an warware mas'alar kanta, gama yawancin masu jayayya a kanta ba su tsaya sun yi mata ta'arifi ba. Galibin motoci da ƙafa biyu suke ja, sauran biyun rakiya suke yi: Golf da Corolla da ƙafafun gaba, Fijo 504 kuwa, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 har ta ci zamaninta a hannun iyayenmu, da na baya. Masu ja da huɗu sun rabu mazhaba biyu. Ta farko ita ce wadda direba ke sawa da hannunsa in ya ga yashi ko laka, ya cire in ya hau kwalta, tana da ƙaramar giya mai jinkirin tafiya da ƙarfin gaske, irin ta Hilux da tsofaffin Land Cruiser. Ta biyu ita ce wadda motar ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya da kanta ba tare da neman izinin kowa ba, wadda Mercedes ke kira 4Matic, Audi ke kira quattro, BMW ke kira xDrive. Ita wannan kuwa domin ƙanƙarar ƙasashen sanyi da riƙe kwana cikin gudu aka ƙago ta, ba domin mashigin rafi a hanyar Kafin Dangi ba.

Na farko a cikin jama'ar, kuma mafi yawan magana, shi ne malamin mota wanda bai mallaki mota ba. Wannan bawan Allah ya haddace matani da sharhi da hashiya daga cikin wayarsa: ya san Audi ta fito da quattro a 1980, ya san Porsche ba ta taɓa yin jif na kasuwa ba sai a 2002 da ta fito da Cayenne, ya san ƙarfin doki nawa ke cikin kowane inji da daƙiƙa nawa kowace mota ke ci kafin ta kai gudun kilomita 100, kuma idan ka yi gangancin cewa Prado da babbar Land Cruiser abu guda ne, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai yana nema maka gafara. Fatawarsa ba ta da sassauci. Wannan haramun ce a saya, waccan makaruhi, Subaru kaɗai ya yarda da ingancin isnadinta, alhali kuwa bakaniken da zai buɗe mata inji ya mayar daidai sai an je Kano an yi cigiya. In majalisa ta tashi sai ya nufi tasha ya shiga Golf, su biyu a kujerar gaba, gwiwarsa na gogar giya, yana yi wa direba bahasin dalilin da ya sa motar ba ta riƙe kwana, shi kuwa direban, wanda tun ba a yaye malamin ba yake bin wannan hanya, sai ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam, ɗan janye ƙafarka in sa ta uku."

Na biyu shi ne Alhajin hatsi, wanda Allah ya yi wa buɗi a cinikin masara da wake, kuma wanda bai taɓa jin motarsa ta gaza ba sai ranar da abokin gasarsa ya zo ɗaurin aure da wadda ta fi tasa tsayi. Shi ba ruwansa da doki ko daƙiƙa. Tambayoyinsa uku ne, ba ya ƙarawa: ta fi ta wane girma? Buhu nawa za ta ci a baya? In na gaji da ita nawa za ta koma? Tambaya ta ukun nan, in za a yi adalci, ta fi dukan ilimin malamin da ya gabata amfani, ita ce kuma ke kai shi ga Toyota ko 'yar ɗakinta Lexus, domin kayan gyaransu ba su yankewa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kuɗinsu ba ya zubewa da wuri. Farashin ba ya shiga kansa sai an juya masa shi zuwa buhuna ko bijimai a kan cinikin kasuwar Charanchi, sa'an nan ya yi salati, sa'an nan ya biya. Ba za a yi wata guda ba kujerun fatar nan, waɗanda aka ɗinka domin wani attajirin Amurka, sun san warin takin zamani da na ragon suna. Abin da ya fi ban sha'awa a al'amarinsa shi ne, akwai wani maɓalli kusa da giya wanda ya kafa wa direba da yara dokar kada wanda ya kuskura ya taɓa, don gudun kada a ɓata wani abu. Maɓallin nan kuwa shi ne na kulle jan ƙafa huɗun da ya biya miliyoyi dominsa. Saboda haka ranar da ta kafe a yashi a hanyar gonarsa, sai a kirawo samarin ƙauye su tura, Alhaji na gefe riƙe da bakin riga yana ba da umarni, yana kuma mamakin yadda Turawa ke yi wa mutane ƙarya.

Na uku ɗan siyasa ne, ko mai shirin zama, wanda a wurinsa baƙar jif mai baƙin gilashi farilla ce, ba mustahabbi ba, gama an yi ijma'i cewa wanda ya zo neman ƙuri'a a ƙaramar mota ya riga ya faɗi tun bai yi magana ba. Ba zan zalunce shi ba: shi kam yana amfani da jan ƙafa huɗu bisa haƙiƙa, sau ɗaya a shekara huɗu, sa'ad da larura ta tilasta masa shiga ƙauyukan da ba ya iya faɗin sunayensu sai an raɗa masa. Illar ita ce motar ta cika kyau. Tana shanye rami, tana haye kwazazzabo, sanyi na busawa, har ya isa dandali bai ji ko girgiza ba. Da dattawa suka miƙe suka ce, "Ranka ya daɗe, kukanmu hanya," sai ya waiwaya ya dubi inda ya fito da mamaki na gaskiya, domin shi dai bai ga abin da ya sami hanyar ba. Na daɗe ina zaton da a Golf ake kai masu mulki rangadi, da an zuba kwalta a wurare da yawa.

Sai saurayi mai jini a jika, wanda ya ƙi jif ya ce ta tsofaffi ce, ya zaɓi doguwar Marsandi mai kwanciya a ƙasa, an rubuta 4Matic a bayanta, tayoyinta sirara, salansarta na ruri. Agogon gudunta ya kai 260, alhali iyakar abin da doka ta yarda wa ƙaramar mota, ko a kan titi mai tagwaye, kilomita 100 ne. Tsakanin waɗannan lambobi biyu kuwa akwai awaki, da amalanken shanu, da 'yan acaɓa, da tirelar da ta mutu ba ta sa alama ba sai ganye. Ya yi imani cewa tunda ƙafa huɗu ke ja, ƙafa huɗun za su tsayar da shi, bai san cewa kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take taka burki ba, kuma jan huɗu tashi yake ƙarawa, ba ya ƙara tsayawa. Azabarsa tana wurin tudun rage gudun da ke cikin garuruwa, inda za ka gan shi ya karkace ya hau a kaikaice, a hankali, yana cije leɓe, cikin motar na kartar siminti, kamar amaryar da ke tsallake kwata da sabon lalle. In zance ya kai shi wani ƙauye da ke bayan kwalta, sai ya ajiye ta gindin bishiya a bakin titi, ya ba yaro ajiya, ya hau babur ƙirar Boxer ya ƙarasa. Bai taɓa gane cewa a ƙasarmu tazarar cikin mota daga ƙasa ta fi yawan ƙafafun da ke ja muhimmanci ba.

Dukan masu saye cikin waɗannan ta hannun mutum ɗaya suke bi, wato dillali, wanda ko da yake ba shi ke saye ba, shi ke zaɓa. Kowace mota a bakinsa wata tsohuwar likita ce ta hau ta a Turai, daga gida sai asibiti, har na soma tausayin ƙasashen nan da likitocinsu duka tsofaffin mata ne masu sayar da mota. Yana rantsuwa tun ba a tuhume shi ba. In ka ga tsatsa a ƙarƙashi, wadda gishirin da ake zubawa a titunan Kanada da arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara ke haddasawa, sai ya ce jar ƙasar hanya ce. In ka tambayi takardun kwastan, tunda a farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, aka rage wa 'yan Kwatano kasuwa, sai ya ce duti cikakke ne, takardar ce kawai take wurin yaronsa. Mafi girman sirrinsa kuwa shi ne, Highlander da RAV4 da Lexus RX iri biyu ake ƙera su, akwai masu jan huɗu, akwai masu jan gaba kaɗai, jikinsu ɗaya, kuma haruffan da ake liƙawa a bayan mota ana sayar da su a kasuwa da araha. "Alhaji, wallahi ko dutse ka nuna mata za ta hau." La'adarsa dai ba ta jiran ranar hawan dutsen.

Akwai kuma wanda zan kira mai nadama, kuma jama'arsa sun yawaita tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Shi ya sayi mai silinda shida ko takwas a zamanin arha, yanzu kuwa idonsa ya fi zama a kan allurar mai bisa kan hanya. Ya kashe na'urar sanyi, yana sakin giya a gangara, yana sayen galan ɗaya wurin 'yan bumburutu yana kawar da kai kada a gane shi. Daga ƙarshe wani bakanike ya ba shi fatawar cewa a kwance farfelar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, mai zai ragu. Aka kwance, aka jingine ta a zaure, ragin da aka samu bai taka kara ya karya ba domin nauyin motar yana nan, amma rubutun da ke bayanta bai canja ba, shi kuwa dama rubutun ya saya. Wanda bai kwance ba kuma yana kashe ta ta wajen taya: irin wannan mota tana bukatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cin ƙasa ɗaya, in ba haka ba haƙoran da ke raba ƙarfi su yi ta wahala har su ci kansu, shi kuwa ɗaya-ɗaya yake saye wurin mai faci, kowace da ƙasarta da shekararta, wata ma ta ƙanƙara ce aka kawo ta zafin Afrilu.

Mai istihara ba zai ɗauke mu lokaci ba, ko da yake shi ya ɗauki shekaru: kullum yana tsakanin Prado da Highlander, kullum ya tara kuɗin sai dala ta tashi, yanzu abin da ke hannunsa Corolla yake saye, ita ma yana shawara. Haka mai ɓoyo, wanda ya saya ya lulluɓe da tamfol a cikin gida, yana tafiya a motar haya da tsohuwar riga; shi kam ba na yi masa dariya sosai, domin a zamanin da masu garkuwa da mutane suka addabi yankunan jihar Katsina, tsoronsa yana da hujja, sayen ne ba shi da ita.

Waɗanda ke da larurar wannan mota bil haƙƙi kuwa, wato ma'aikacin lafiya mai kai rigakafi ƙauye da damina, da malamin gona, da mai ɗauko mace mai naƙuda daga bayan rafi zuwa asibitin Kankiya, ba a ganinsu wurin dillali ko kaɗan. In hukuma ta ba su Hilux su gode, in babu su hau babur, in rafi ya kawo a ɗaura wa shanu amalanke.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in Allah ya hore maka kuma niyyarka ta tsaya, fara lissafa kwanakin da kake sauka daga kwalta a shekara. In ba su da yawa, mai jan ƙafa biyu mai ɗan tsayi ta ishe ka, ragowar kuɗin ka sayi sababbin tayoyi, ka duba lambobi huɗun da ke gefensu masu nuna mako da shekarar da aka yi su. In kuwa gonarka ko aikinka na bayan rafi ne, to, tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, a ɗaga motar ka leƙa da idonka ka ga farfela ta isa ƙafafun baya, a kai takardun kwastan a tantance, sa'an nan ka zauna a koya maka aikin maɓallin nan kafin ka biya la'ada.