Sinadarin Hayaluronik da Fuskar Malami a Hunturun Kano

Sinadarin da masana ke kira hayaluronik wani nau'in sukari ne mai dogon zare wanda jikin ɗan Adam yake haɗawa da kansa, kuma aikinsa shi ne riƙe ruwa a cikin fata da gaɓoɓi da ƙwayar ido. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara tace shi a shekarar 1934 a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, daga ruwan nan mai kauri da ke cikin idon saniya. Daga bisani aka riƙa samo shi daga zankon zakara, a yau kuwa mafi yawansa daga wasu ƙwayoyin bakteriya yake fitowa, waɗanda ake kiwo a manyan tankuna. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 na wannan sinadari, kusan rabi a fatarsa, kuma kullum jiki yakan rushe kashi ɗaya cikin uku ya sabunta shi. Ke nan duk wanda ya shiga kanti ya biya kuɗi dominsa, ya sayi abin da ya taho da shi daga gida ne.

Mayukan shafawa suna da ayyuka daban-daban, kuma biyu daga ciki su ne suka shafi wannan bayani. Akwai masu janyo ruwa su riƙe, irin su gilisarin da hayaluronik, akwai kuma masu rufe fata don kada ruwan ya tsere, irin su basilin da man kaɗanya. Mai janyo ruwa ba ya tambayar inda ruwan ya fito: idan iska tana da laima sai ya ɗiba daga gare ta, idan kuma ta bushe, kamar yadda take yi a Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya koma ga fatar da aka shafa shi a kai. Saboda haka ƙa'idar ita ce a shafa shi a fata mai ɗan danshi, sannan a bi shi da mai rufewa.

Marubucin wannan maƙala, wanda malamin makaranta ne mai iyali, ya san sakin layi na farko sarai kafin ya sayi 'yar kwalbar sinadarin, na biyun kuwa fuskarsa ce ta koyar da shi. Da ya ji masu talla suna cewa sinadarin yana riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa sau 1,000, sai ya yanke hukuncin cewa zamanin man kaɗanya ya wuce, ya mayar wa uwargida gwangwaninta tare da ɗan gajeren jawabi kan ci gaban kimiyya. Ita kuwa ta karɓa, ta tambayi farashin kwalbar, da ta ji sai ta ce, "Malam, Allah Ya sa a gama lafiya," wanda a ilimin zaman aure ba addu'a kaɗai yake nufi ba.

Tsarin binciken da marubucin ya yi a kan fuskarsa ya kasance kamar haka: mai binciken yakan wanke fuska da sabulu, ya goge ta da tawul har sai ta bushe ƙamas, ya ɗiga sinadarin, sannan ya hau babur ya fuskanci iskar hunturu. Da ya lura cewa fatar tana ƙara ɗaurewa, sai ya fassara hakan da ƙarancin magani, ya ninka abin da yake shafawa. Shi kuwa sinadarin, idan mai manyan ƙwayoyi ne, ba ya ratsa fata, a samanta yake zama, idan ya yi yawa kuma sai ya bushe ya riƙa murmushewa fari-fari.

Sakamakon ya bayyana ne a wani ɗaurin aure, inda aka nemi marubucin ya yi wa baƙi maraba. Fuskarsa ta ɗaure har murmushi ya zama aiki mai haɗari, don haka ya riƙa gaisawa da jama'a da fuskar mai karɓar bashi, abin da ya sa dangin amarya suka fara tambayar juna ko akwai wata magana a ƙasa game da sadaki. Wani abokinsa ya dube shi ya ce, "Malam, sannu da aiki, ashe ka buɗe injin niƙa ba mu sani ba?" Marubucin ya yi dariya domin nuna cewa bai ji haushi ba, nan take leɓensa na ƙasa ya tsage, aka miƙo masa hankici, aka kuma ci gaba da addu'a ba tare da jawabinsa ba.

Shari'ar ta kai gaban mahaifiyarsa da yamma, inda ya yi ƙoƙarin kare kansa da tarihi, tun daga idon saniya har zuwa zankon zakara. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato kuɗin cefane ka kai wa zakara?" Ya ce, "A'a, Inna, na yanzu daga ƙwayoyin bakteriya ake yin sa." Da aka bayyana mata cewa bakteriya dangin ƙwayoyin cuta ne, sai ta yi salati, ta sa jikarta ta ɗauko man kaɗanya, ta kuma tuna masa cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa sinadarin bai yi laifi ba, domin likitoci suna amfani da shi a tiyatar ido da allurar ciwon gwiwa, kuma a fata yana yin aikinsa idan an bi ƙa'ida. Hujjar hakan tana cikin gidan marubucin, inda uwargida ta karɓe kwalbar a matsayin diyyar cefane, take ɗiga kaɗan a fuska mai danshi ta bi da man kaɗanya, har maƙwabta suna tambayarta sirrin. Takan ce musu kaɗanya ce kawai, shi kuwa mai kwalbar an hana shi gyara wannan bayani har sai leɓensa ya warke.