Sarƙarki Giram Nawa Ce?

Mu mutanen Gagarawa Tasha, in mace ta shigo gidan biki da sabuwar sarƙa a wuya, ba ma tambayar wa ya ƙera ta, ko daga wane kanti ta fito. Tambayarmu ɗaya ce, ita ma da ido ake yin ta: giram nawa? Ana "sannu da zuwa, Hajiya, ya hanya?" ido yana can wuya yana aiki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin a kawo ruwa an gama lissafi, an cire kuɗin aiki, an fitar da abin da zai rage a hannu in an sayar gobe. In an samu saɓani tsakanin masu lissafin, akwai gwaggon da za ta matso ta ce, "Kai, tubarkalla, mu ga wannan ƙira," ta ɗan tallafi sarƙar a tafin hannu. Ƙirar ba ta dame ta ba. Sikeli ta ɗora.

Ba wai gwal ya yi mana yawa ba ne. A yawancin gidajenmu, daga nan har Sule Tankarkar, dukiyar mace tana da matakala. Daga kaza a sayi akuya, akuya ta haihu a haɗa da kwasar adashi a sayi tunkiya, in Allah ya sa albarka a kai ga ɗan maraƙi. Sai wadda ta hau wannan matakala, ko ta samu miji mai hannu da shuni, ko ɗanta ya yi ƙarfi a Kano ko Legas, ita ce ke maganar ɗan kunne da zobe, daga nan sarƙa. Abin da ya sa muke girmama gwal shi ne akuya ce da ba ta cin dusa, ba ta shiga gonar maƙwabci a kai ƙara wajen mai unguwa, ba ta kwana lafiya a wayi gari cikinta ya kumbura. Tana nan ɗaure a tsumma, cikin wata langa a can ƙasan jere, wurin da ko maigidan bai sani ba, ko kuma ya sani yana yin kamar bai sani ba.

Saboda haka sarƙa a nan ma'aikaciya ce. Bayan kaka, in an sayar da riɗi da zoɓo, ko an kai rago kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya yi daraja, sai ka ga an shirya tafiya Kano "duba wata 'yar uwa". Can wajen 'yan gwal na kasuwar Sabon Gari 'yar uwar take. A dawo da rasit a ninke shi huɗu a ɓoye tare da katin asibiti. Sarƙar ta ci biki biyu, suna uku, ta ci Sallah. Da hadari ya fara haɗowa, taki ya yi tsada, ga kuɗin makarantar yaro a Gumel, sai ka ji maigida ya sauya murya.

"Wai ni kuwa, Hajiya, 'yar sarƙar nan taki..."

"Wacce, Malam?"

"Ai rance ne. Da an yi girbi zan maido miki wadda ta fi ta."

Kowace mace a garin nan ta san wannan "wadda ta fi ta". An daɗe ana jiran ta, har yau ba ta sauka a tasha ba.

To, can a Turai akwai manyan gidajen ƙera kayan ado da ke da tasu ƙa'idar, wadda in aka gaya wa gwaggo sai ta riƙe baki. Akwai Tiffany da aka kafa a New York a 1837, da Cartier a Paris a 1847, da Bulgari a birnin Rum a 1884, da Van Cleef & Arpels, su ma a Paris, a 1906. Su suna sayar da suna ne da labari. Gwal ɗin da ke jikin sarƙarsu yawanci mai karat 18 ne, wato kashi 75 cikin 100, wanda in aka kawo mana shi sai mu ɗan taɓe baki mu ce na Italiya ne. Amma da yake an buga sunan gidan a jikin maƙullin, sai farashin ya ninka kuɗin nauyinsa sau da yawa. Kuma in sarƙar ta tsufa, ta shekara hamsin ko tamanin, aka samu akwatinta da takardarta, aka san gimbiya wance ko 'yar wasa wance ta taɓa sa ta, sai a kai ta gwanjo a Geneva attajirai su yi ta ɗaga hannu. A wajensu da tsohuwar zuma ake magani.

Mu kuwa suna ba ya hawa sikeli. Kai wa mai gwal a Kano sarƙa ka ce masa ta gidan wane ce a Faransa, zai ce "madalla", ya ɗauko ɗan gilashinsa ya duba hatimi. In ya ga 750, mai 18 ce. In 875 ne, mai 21, wadda muke ce wa Saudiyya. In 916 ne, mai 22. Hatimin ma bai yarda da shi ba, sai ya goga ta a ɗan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya tsaya ya ga ko zanen zai ɓace. Sannan ya ɗora a sikeli, ya latsa waya ya ga farashin ranar. In akwai duwatsu a jiki, ya ce za a cire nauyinsu. Nan ne amare ke fara hawaye: ran saye an auna mata dutse a farashin gwal, ran sayarwa an ce dutse dutse ne.

Shi ya sa daiman bai taɓa samun gindin zama a zukatanmu ba. Muna jin labarinsa, muna ganinsa yana walƙiya a waya, amma abin da ba a narkawa, ba a gutsura a sayar da rabi, ba a san farashinsa a bakin kowa ba, ina amfaninsa ranar da yaro ya kwanta asibiti? Kuma tarihi ya ɗan goyi bayanmu. A 1917 gidan Cartier ya karɓi wani katafaren bene a titin Fifth Avenue na New York daga hannun attajiri Morton Plant, a madadin sarƙa mai zubi biyu ta lu'ulu'un teku da matarsa ta ƙyalla ido a kai, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Ba a daɗe ba Japanawa suka cika duniya da lu'ulu'un kiwo. Da aka sayar da sarƙar a 1957, kusan dala dubu 150 ta yi. Benen yana nan, Cartier na ciniki a ciki har yau. Yanzu ga shi daiman ma ana haɗa shi a masana'anta, ido ba ya bambance shi da na rami, farashi yana ta zubewa. Gwal kuwa, daga dala 35 kowace oza kafin 1971, ya haura dala 2,000 a 2020, ya haura 4,000 a watan Oktoban 2025. Haɗa da faɗuwar naira tun 2023, giram ɗaya ya wuce mafi ƙarancin albashin wata na naira dubu 70. Matar da ta sayi sarƙarta shekara goma baya, aka yi ta yi mata gori cewa ta fiye son ƙarya, yau ita ake yi wa sallama da "ranki ya daɗe".

Sai dai akwai inda Turawan suka fi mu, gara mu faɗa tun kafin a faɗa mana. Su suna ajiye tsoho, mu ba ma ajiyewa. Lokacin da layin dogo ya taso daga Kano ya ratsa nan ya kai Nguru a 1930, gyaɗa ta fara kawo tsabar kuɗi, kakanninmu sun yi ado na gani na faɗa: murjani, tsakiya, munduwar azurfa mai nauyi, da kuɗin azurfa da ake hudawa a zura a zare, har da liyari mai hoton sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki. Maƙeran fari sun yi aikin da in yau aka ajiye shi a gidan tarihi za a biya kuɗi a kalla. Ina suke? Wasu mun ba dillaliya an musanya da kwanukan samira. Wasu an narke. Da hanyar Makka ta buɗe da jirgin sama, Hajiyoyi suka fara dawowa da haƙorin Makka a baki da sarƙa a ƙasan jaka, sai azurfa ta zama kayan ƙauye, a bakin mu 'yan ƙauyen. Gwal ɗin ma haka muke masa. Da an ce "an daina yayin wannan", sai a kai ta a yi canji, a cika kuɗi, a karɓo sabuwar ƙira. Wadda ta tsira daga yayi, rabon gado yana jiran ta. Sarƙa ɗaya, 'ya'ya tara, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya: alƙali ba zai tsinka ta ba, sayarwa za a yi a raba kuɗi.

Ko da yake, gidajen sarauta ma ba su tsira ba. A 1928 Cartier ya ƙera wa Bhupinder Singh, Maharajan Patiala a Indiya, wata sarƙa mai daiman 2,930, da wani babban rawaya a tsakiya mai nauyin karat sama da 234. Wajen 1948 aka neme ta a taskar gidan aka rasa. A 1998 aka ga ragowarta a wani kantin tsofaffin kaya a Landan, an ƙwaƙule manyan duwatsun. Mu dai ba mu ce komai ba, amma mun san irin wannan ɓata. A nan ma in sarƙa ta daina fita biki aka tambaya, cewa ake "tana wajen wanki".

Sauran jama'a kuma, mu da ba mu kai matakalar ba, ba mu zauna ba. Akwai aro. Sarƙa ɗaya kan yi amare huɗu a layi ɗaya, kowacce a ɗauke ta hoto da ita, mai ita tana zaune a kusa ba ta ko ƙifta ido har a tashi. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wuya yana rufewa na yini guda. Akwai kuma mai ruwan gwal, wadda dillaliya ke zuba wa a faranti tana cewa, "Wallahi, Amarya, ko a hannun masu ita ba a ganewa." 'Yar furen nan mai kunnuwa huɗu da 'yan matanmu ke rububi, kwaikwayon wata ƙira ce mai suna Alhambra da Van Cleef & Arpels suka fitar a 1968. Tamu tana yin kyau har zuwa zafin bazara, lokacin da zufa ke tona asiri, a ga koren zobe ya zagaye wuya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma ta raka mu Sallah.

Wajen malam ma muna da dabara. Mun ji karatu: a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba zakka a kansu, amma gwal na ajiya, in ya kai miskali 20, wajen giram 85, ya shekara, a fitar da kashi biyu da rabi cikin 100. To sarƙa ɗaya ce, amma a gaban malam ta ado ce, a gaban kishiya ta jari ce, a gaban maigida kuma ta wata ce aka ba ta ajiya.

Abin da ba ma tambaya shi ne ramin da ta fito. Mukan ce Saudiyya ce ko Dubai, alhali ana haƙo zinare a Zamfara a fitar da shi ɗanye, mai yiwuwa wani ya je can a wanke shi ya dawo mana da sabon suna. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wannan ba abin raha ba ne, kuma ba ya cikin rasit ɗin kowa, namu ko na Paris.

Ga mai shirin tafiya Kano "duba 'yar uwa" bana, shawarar zauren mata ba ta canja ba: ki tafi da wadda ta san hanya, ki ɗauki mara duwatsu, a auna a gabanki, a rubuta karat da giram a rasit, kuma kada ki yarda da hatimi sai an goga. In kin dawo maigida ya tambaya nawa, ki faɗi rabin kuɗin. In kishiya ce ta tambaya, ki ninka. Gwaggo kuwa kada ki wahalar da kanki, miƙa mata kawai ta riƙe.