Wanzami Ba Ya Son Jarfa

A Amurka, digiri na biyu da kyakkyawar zuciya ba su isa su ba ma'aikacin jin daɗin jama'a izinin buɗe ofishin kansa ya riƙa duba masu ciwon damuwa da masu taɓin hankali ba. Sai ya ƙara shekara biyu zuwa uku yana aiki a ƙarƙashin wani gogagge. A Kalifoniya awa 3,000 ake ƙirga masa. Daga nan ya biya dala 260, ya zauna gaban kwamfuta awa huɗu, ya fuskanci jarrabawar ƙungiyar ASWB mai hedikwata a Culpeper ta jihar Bajiniya. A tsarin da aka daɗe ana bi, tambayoyi 170 ne, amma 150 kaɗai ke da maki. Sauran 20 ɗin gwada su ake yi don gaba, kuma ba mai gaya maka waɗanne ne. Wanda ya faɗi ya jira kwana 90, ya sake zaro kuɗi. Mutanen da sana'arsu ita ce kwantar wa jama'a hankali, su ne wannan jarrabawa ke hana barci. Ni dai a ganina, da yawansu ba ƙarancin karatu ke wahalar da su ba. Kowa ta ƙofar halinsa yake shiga uku, domin jarrabawar ba ta cika damuwa da yawan abin da ka sani ba. Me za ka fara yi take tambaya.

Ga wata tambaya da na ƙaga a kan salonsu, mu auna mutanenmu da ita. Wata mata ta zo, mijinta ya rasu wata huɗu ke nan, ba ta barci, ta rame, ta ce ta gaji da komai, ta kuma rarraba wa dangi kayanta masu daraja. Me ma'aikaci zai yi da FARKO? Haka suke rubuta kalmar, da manyan baƙaƙe, kamar ana daka maka tsawa. Ya haɗa ta da ƙungiyar waɗanda aka yi wa rashi? Ya tura ta wurin likita a duba ramar? Ya nuna mata baƙin cikinta ba abin kunya ba ne? Ko ya tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta? Duka huɗun aikin kirki ne, kuma mai hankali zai yi su duka kafin mako ya zagayo. Amma amsa ɗaya ake karɓa, ta ƙarshen, saboda sai da rai ake zancen saura.

Malam Hadda ne zai fara tuntuɓe a nan, alhali ya fi kowa shan wahala. Matakan rayuwa takwas na Erikson da huɗu na Piaget, ko daga barci ka tashe shi zai kawo maka su gaba da baya. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na DSM-5-TR, wanda aka sabunta a 2022, ya san shi kamar yunwar cikinsa: ciwon damuwa mai tsanani sai alamu sun kai mako biyu, sikizofireniya sai an cika wata shida, firgicin bayan bala'i sai ya haura wata guda. Katinan bitarsa sun cika kwalin takalmi biyu, kowane ƙunshi da kalar robar da ya ɗaure shi, gefunansu duk sun yi baƙi da zufar hannu. Da ya ga matar nan sai ya hau lissafi: wata huɗu, ai ba ta kai wata goma sha biyun da kundin ya gindaya kafin a kira makokin babban mutum cuta ba. Lissafinsa ba kuskure, sai dai ba shi aka tambaye shi ba. Yana nan yana laluben sunan cuta a cikin zaɓi huɗun da babu sunan cuta ko ɗaya, agogo na ci, ga shi rabon kowace tambaya bai kai minti ɗaya da rabi ba.

Maƙwabcinsa Lauya kuwa ba ya amsa tambaya, shari'a yake da ita. In matar ƙaura za ta yi fa, shi ya sa ta raba kaya? In ciwon sukari ne ya ramar da ita fa? Kafin ya gama ya yi mata ɗa a wata jiha da bashin banki, duk abin da ba a rubuta ba, sannan ya amsa tasa tambayar da ya haifa, ya kuma ci. A takardar ASWB dai sifiri ne.

Akwai wasu biyu da ko zauren ba su isa ba. Alhaji Shiri ya sayi littattafan bita uku, biyu har yanzu suna cikin leda. Ya yi rajista da manhaja mai tsada, ya jera alƙaluman shafa launi kala biyar, ya zana jadawalin karatu mai kyau ya manna a jikin firij, sai ya ga layukan sun karkace ya sake zanawa. Gajiyar shirin karatu ba ta bar masa ƙarfin karatun ba. Ƙanwarsa Gobe-da-Nisa ta ɗaga ranar jarrabawarta sau uku, kowane karo da hujjar da ba a musu. Abin dariyar, su biyun nan da rana suna zaune a ofis suna yi wa masu fargaba bayani cikin taushin murya cewa gudun abin tsoro ƙara masa girma yake yi. Mu ƙyale wanda karatun ya buɗe wa ido fiye da kima, wanda tun da ya kai babin cututtukan ɗabi'a bai bar kowa da lafiya a gidansu ba: surukarsa, mai gidan haya, har kyanwa.

Boka shi ma yana nan, mai neman laƙani. Ya tara gajerun kalmomi na tuna jerin matakai har sai da ya ƙirƙiro wata don tuna sauran. Ya rantse in ka rikice ka zaɓi amsa ta uku, kuma wai da ganin tambaya yana gane ko tana cikin ashirin ɗin da ba su da maki. Ikon Allah, duk wadda ta gagare shi cikinsu take. A 2023 ASWB ta fara shigo da tambayoyi masu zaɓi uku maimakon huɗu, duban ya rikice, ya koma sabon lissafi.

Wadda ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce Gwaggo Na-Daɗe. Shekara ashirin tana tsakanin sashen gaggawa na asibiti da ofishin kare yara. Tambayar matar nan kafin ta kai ƙarshenta ta ci, don ta yi wa mutum ɗari irin wannan tambayar ido da ido ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Inda take faɗuwa shi ne inda amsar da ake so ita ce “tuntuɓi mai duba aikinka” ko “tura shi wurin ƙwararre”. Sai ka ji ta ce da kwamfuta, “A wace duniyar?” Ta san ƙwararren ba ya da gurbi sai bayan wata biyu, inshora ba za ta biya ba, mai duba aikin kuma yana taro tun safe. Ita garin gaskiya take amsawa, jarrabawar kuwa a wani gari take zaune inda kowace waya ana ɗauka, kowane asibiti da gado, ba kuma mai fayil arba'in a kan tebur. Sanin aiki ne yake kayar da ita.

Wani zai ce na yi wa Malam Hadda rashin adalci, ai ba a shiga wannan fage da hankali tsura. Gaskiya ne. A tsarin da aka daɗe ana bi, kusan kashi 30 cikin ɗari na jarrabawar a kan tantance matsala da tsara magani yake, kashi 19 a kan ƙa'idojin sana'a, kuma wanda bai san hukuncin Tarasoff na 1976 ba, inda kotun ƙolin Kalifoniya ta ɗora wa mai ba da magani nauyin kare wanda majinyacinsa ke barazanar kashewa, ba zai gane iyakar riƙe sirri ba. Amma hadda kuɗin shiga kasuwa ce, ba ita ce cinikin ba. Duk wanda ya kai wannan mataki ya riga ya san abubuwa huɗun nan suna da kyau. Jera su ake nema.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: da wane ido za a yi dariyar masu faɗuwa bayan ita kanta jarrabawar tana da tabo? A watan Agustan 2022 ASWB ta fitar da alƙalumanta, aka ga a zaman farko kusan kashi 84 na fararen fata ke haye wannan mataki, baƙaƙe kuwa kusan kashi 45, sannan yawan masu ci yana raguwa ne yayin da shekaru ke ƙaruwa. Ba na musun ko ɗaya, hasali ma maganata suka ƙarfafa. Da ƙwarewar aiki zalla ake aunawa, da furfura riba ce a zauren. Abin da ake aunawa wani karin harshe ne na tunani, wanda masu kuɗin sayen bita da lokacin zama suka fi saurin ɗauka. Don haka rabin dariyar da ake wa Gwaggo, ta masu tsara tambaya ce. Sai dai ban bi masu cewa duk abin banza ne ba. Ka fara tsare rai, ka tambaya kafin ka yanke, kada ka ƙara wa mutum labarin da bai ba ka ba: waɗannan ba dabarun cin jarrabawa kaɗai ba ne, kuma matar da ta raba kayanta ta fi buƙatar wanda ya iya su a kan Lauya ko Boka. A gyara ma'aunin ya dace, ba a ce babu abin aunawa ba.

Wasu jihohin ba su jira gyaran ba. Tun 2024 Illinois ta buɗe wata ƙofa: wanda ya zauna jarrabawar bai ci ba, yana iya samun lasisin da ƙarin awa 3,000 na aiki a ƙarƙashin kulawa. Gwaggo Na-Daɗe ta samu hanya. Alhaji Shiri da ƙanwarsa kuwa da sauran aiki a gabansu, domin sharaɗin sai ka taɓa zama.