Zufa a Tsakiyar Hunturu

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce allurar Zoladex da za a riƙa tura mini a fatar ciki duk wata 3 aikinta ta hana jiki yin sinadarin mazantaka, domin shi ne abincin dajin furostet da ya kama ni. Ya ƙara da cewa zan iya jin irin zafin da mata ke ji idan al'ada ta ɗauke musu. Hajiya da ke gefena ta yi wani murmushi, ta gyara mayafi, ba ta ce uffan ba.

Abin ba ya sallama. Daga ƙirji yake tasowa, ya haura wuya, ya mamaye fuska, sai zufa ta karyo. 'Yan mintoci ne ya wuce, ya bar ka da jiƙaƙƙen matashi. Na bar shayin dare, na rage yaji, har tsire na yi masa bankwana, wanda ya fi allurar ciwo. Na koma rigar auduga, tawul a kan matashi, gorar ruwan sanyi a gindin gado. An samu sauƙi, amma bai hana shi zuwa ba.

Sai hunturu ya shigo Kano. Hajiya cikin bargo biyu da safa, ni kuwa ina lallaɓa makunnin fanka. Ta ce, "Alhaji, ka kunna abin nan, gobe gidanmu zan kwana."

Wani dare wajen ƙarfe 2 ya taso mini da ƙarfinsa. Na zame daga ni sai gajeren wando, na kwarara wa kaina ruwan randa, na buɗe ƙofar zaure na tsaya a waje, hannuwa a buɗe kamar zakaran da ya sha duka. Iska ta buge ni, na ce alhamdulillahi. Ita ma ƙofar iskar ta buge ta. Ƙarap!

Zafin ya tafi abinsa, sanyi ya karɓi aiki. Haƙora suna ta kaɗawa sai ga tocila a fuskata: 'yan ƙato-da-gora.

"Kai! Wane ne nan?"

"Mai gidan ne."

"Baba! Kai ne? Lafiya, tsirara a wannan sanyi?"

"Zafi nake ji."

Suka dubi juna. Ta yaya dattijo zai yi wa samari bayanin cewa ciwon iyayensu mata ke damunsa? Na fara kawo zancen allura, ƙaramin cikinsu ya matsa baya yana karanta Ayatul Kursiyyu. Babban ya cire rigar sanyinsa ya rufa mini, yana lallashina da muryar da ake yi wa mai taɓin hankali.

Hajiya ta buɗe ƙofa bayan an kusa ɓalle ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ni da na yi nawa shekaru, ka taɓa ganin na fita titi?"

Da asuba labari ya riga ni masallaci. Liman ya aiko da rubutu, maƙwabci da hayaƙin aljanu, wani kuma da lambar mai ruƙiyya. Da na koma asibiti na ba likita labari, sai da ya ajiye biro ya gama dariya, sannan ya ce akwai ƙwayar da ke rage zafin, ya rubuta mini. Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta tambaye shi ko akwai wadda ke hana mutum buɗe ƙofa.