Yadda Za Ka Kashe Jarumi Ba a Yi Maka Allah Ya Isa Ba

Malam marubuci, idan ka ƙudura cewa jarumin littafinka ba zai kai babin ƙarshe ba, dakata tukuna. Masu karatu sun fara ƙorafi, wai a riƙa sanar da su tun a bango, don kada mutum ya saki jiki da Alhaji Kamal har shafi ɗari biyu, sannan tirela ta bi ta kansa a hanyar Zariya.

Abu na farko, kada ka bari a ga gawa. A 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, ya kai shi Suwizalan, ya tunkuɗa shi ruwan Reichenbach tare da abokin gabarsa Moriarty, bai yi wa kowa sallama ba. Mutanen Ingila suka yi masa ca. Ya daure, ya cije, a 1901 ya fito da wani labarin Holmes, wai ai tun kafin rasuwar abin ya faru. A 1903 dai ya miƙa wuya, ya dawo da mutumin da ransa, ya ce dama bai faɗa ruwan ba. Ka ga amfanin rashin jana'iza ke nan. Da an yi masa wanka an kai shi makwanci a gaban jama'a, da Doyle ya rasa ƙofar fita.

In kuwa ka ga sai ka yi gargaɗin, to yi shi da kyau, irin na sanarwar rediyo: "Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kamal, wadda za ta auku a shafi na 212. Za a yi zaman makoki daga 213 zuwa 220. A zo da hankici." Kada ka ji kunya, Shakespeare ma tun a buɗewar Romeo da Juliet ya faɗi cewa masoyan mutuwa za su yi, kuma hakan bai hana kowa kuka ba.

Akwai gargaɗi na cikin ruwan sanyi. Sa jarumin ya yi tari sau biyu, ko ya dafe ƙirji ya ce ba komai, ko ya ce wa matarsa yanzu zai dawo. Duk wanda ya ga yadda aka yi da Shah Rukh Khan a fim ɗin Kal Ho Naa Ho na 2003 zai gane.

Ke kuma Hajiya marubuciya mai sakin shafi kullum a WhatsApp, taki ta fi zafi, domin masu karatunki sun biya kuɗi, kuma suna da lambarki. Da sun ji ƙanshin mutuwa za su fara: "Anti, don girman Allah kada ki kashe mana shi." Saki babin da ƙarfe sha biyun dare, ki kashe data, ki kwanta. In kishiya ce za ta mutu, ba sai kin gargaɗi kowa ba, har tukuici za a turo miki.

Ban haƙuri kuwa a jinkirta shi. J.K. Rowling ta kashe Fred Weasley a littafinta na 2007, sai ranar 2 ga Mayu, 2015 ta nemi afuwa, lokacin da kuɗin littafin ya daɗe da kwanciya.

Ni dai a ganina duk wannan wahalar da kai ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa mahaifiyar jarumin littafinsa, Shaihu Umar, ta ƙetara Sahara neman ɗanta, ta sha bauta, da ta gan shi kuma ta cika. Bai rubuta komai a bango ba, kuma tun 1934 ake karanta littafin.

Kai kuma da ka riga kowa gama karantawa, ka kame bakinka. Da yawanmu ba a shafi muka ji rasuwar Kamal ba, a bakinka muka ji.