Sarkin Gudun Kan Tabarma

Kai Bazazzagi, Tumbin Tiga, ina gajiyar karatu? Labari ya iso mana cewa ɗakinka ya cika da tsofaffin mujallun Runner's World da ka kwaso a Sabon Gari, har uwargida ta rasa inda za ta kife kwanukanta. Tun 1966 ake buga mujallar nan a Amurka, ta tayar da malalata bila adadin daga kujera. Kai kaɗai ka gagare ta.

Wai har biro kake sawa kana jan layi: ga yadda ake numfashi, ga yadda ake dira ƙafa. Ka haddace cewa gudun fanfalaki kilomita 42 ne da 'yan kai. Amma daga ƙofar gidanka zuwa bakin dam ɗin Tiga, wajen masu suyar karfasa, sai ka tsayar da ɗan acaɓa. Kambas ɗin da ka sayo a Ƙofar Wambai kuwa, har yau takarda na cushe a cikinsa.

Allah ya jiƙan Gwamna Audu Bako. Ya datse kogin Kano, aka gama aiki a 1974, ya bar muku fili da iskar ruwa mai sanyi da asuba, irin wurin da marubutanka za su so su sa a bangon mujalla. Kai ko kana zaune kana nazarin rigar gudu cikin dusar ƙanƙara. A Bebeji! Da bazara!

Na san hujjarka, Jim Fixx: ya rubuta shahararren littafin gudu a 1977, zuciya ta buga masa yana cikin gudu a 1984. Duk karatun nan iyakar abin da ya zauna maka ke nan. Ka tsallake cewa ciwon zuciyar gado ya yi wurin mahaifinsa, ka tsallake Abebe Bikila na Habasha da ya cinye gasar gudun fanfalaki ta Rum a 1960 ba ko takalmi. Ɗan Fulanin da ke kora shanu a gefen dajin Falgore ma bai taɓa buɗe shafi ɗaya ba.

Kada dai in ci haƙƙinka, kana gudu. Mutanen Kwanar Dangora sun shaida, ranar da kare ya biyo ka har hula ka bari.

Asabar ina tafe. Daga bakin dam zuwa otal ɗin Rock Castle, a ƙafa. In ka riga ni, na ninka maka kuɗin sharar bana. In na riga ka, kifin ranar a aljihunka, kuma da Bello direba zan zo, ka san cinsa.